Ranar da Aka Tsayar da Zuciyar Kulu

Tun da na dawo daga Kudu ban huta da amsa tambaya ba. Wadda ta zo karɓar ɗinki sai ta nemi kujera, wadda ta zo yi mini sannu da hanya ba ta tashi sai ta ji. Tambayar kuma ɗaya ce: "Ladidi, an yi aikin? An dace?" Da na ce an yi, kafin in ƙarasa sai a ɗauki hamdala, ni kuma in rasa ta inda zan tare su. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi daga tushe, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba.

Ƙanena Haruna mahauci ne a Fatakwal. Tun yana saurayi ya bi wani mai fataucin shanu ya tafi, can ya zauna, can ya kai matarsa Rabi, can aka haifa musu Hauwa'u, wadda muke kira Kulu. Sau ɗaya na taɓa ganin yarinyar, tana goye, kuma tun a lokacin leɓɓanta sun yi baƙi kamar ta sha ɗinya. An ce sanyi ne, an ce asma ce, an yi hayaƙi an sha rubutu, har wani likita ya ɗora mata na'ura a ƙirji ya ce huda ce a cikin zuciyarta, kuma hanyar da ke kai jini huhu a tsuke take. Haka ta yi ta lallaɓawa har ta shiga shekara ta shida.

Ina kan keken ɗinki wata rana Haruna ya kira ni.

"Yaya, an samu. Likitocin zuciyar yara za su zo wani babban asibiti a Inugu, kuma sun ɗauki Kulu. Amma Rabi cikinta ya tsufa, an hana ta doguwar tafiya a mota. Ni kuwa ba za a bar ni in kwana a ɗakin yara ba. Ba ni da kowa sai ke."

Ni da iyakata Kaduna, ita ma biki ne ya kai ni. Na ce masa to. Maigidana ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, na sayi kilishin yarinya, na kama hanya.

Doguwar bas ɗin nan na shiga da ke tashi daga Sabon Gari. Kafin direba ya tayar, wani mutum ya miƙe ya yi addu'a da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi, duk motar tana amsa masa. Ni ma na karanta tawa a zuci, na ce addu'a ba ta yawa. Yana zama wani ya miƙe da maganin da ya ce yana warkar da basir da ciwon haƙori da mantuwa. Wadda ke kusa da ni wata 'yar Ibo ce mai sarin busasshen kifi, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ita ta zama uwar ɗakina a hanya.

Daga Lakwaja zuwa gaba shinge ne bayan shinge. Ƙasa ɗaya muke, amma in ka ga yadda ake sauke mutane ana buɗe jakunkuna sai ka rantse iyakar wata ƙasa za a ƙetare. A wani shingen mai kaki ya kwance ƙullin kukata, ya shinshina, ya murza a yatsa, ya kira abokinsa. Na ce masa miya ce, bai gane ba, sai da mai kifi ta yi masa bayani. Bai gamsu ba ya buɗe na daddawa. Wannan shi ya sallame mu, da kansa ya ɗaure yana kau da fuska.

Kafin mu kai Asaba motar ta lalace, muka wuni a bakin hanya. Rana ta yi sanyi muka hau gadar kogin Kwara muka shiga Anaca, motar tana tari kamar tsoho. A tasha direba ya ce iyakar tafiya ke nan sai an yi gyara, kuma gobe Litinin, a yankin nan ba a fita ranar Litinin: ba mota, ba kasuwa. Na tambayi mai kifi dalili, ta ce, "Ki bar shi kawai, 'yar'uwa." Muka yi sallama, ban ma tambayi sunanta ba.

Haruna ya yi ta kiraye-kiraye har aka turo mini acaɓa, su okada suke cewa. Rabona da hawa babur tun kafin a hana shi a Kano. Wajen sauka salansa ta ƙone ni a ƙwauri, na shiga gidan mutane ina ɗingishi.

Gidan Hajiya Mairo ne, wata dattijuwa mai sarin wake da gero da busasshen barkono a unguwar Hausawa. Kakanta ne ya zo garin da fatauci, ita a nan aka haife ta, amma in ta buɗe baki "mu 'yan Kano" take cewa. Ta gaishe ni irin gaisuwar da mu a gida mun fara mantawa, ta tambayi maigida, ta tambayi yara, ta tambayi gajiya, ta tambayi ruwa, ta sake komowa kan gajiya. Jikokinta kuwa suna ta faɗa da juna da yaren Ibo a tsakar gida. Ta shafa mini zuma a ƙunar, ta kawo tuwon shinkafa da miyar wani ganye da suke kira ugu. Na ci na ƙoshi.

Litinin ɗin garin ya yi tsit. Garin da jiya ba ka jin maganar na kusa da kai, yau har kukan kaza daga wata unguwa ana ji. Ni da Hajiya Mairo muka zauna muna tsintar wake, na ba ta labarin abin da ya fito da ni. 

"Nawa ɗan Sani sunansa," ta ce, ba ta ɗago daga faifan ba. "Shi ma haka bakinsa yake. A lokacin wa ya san wata tiyatar zuciya? Sai a ce ka fitar da shi ƙasar waje, mu da ko Legas ba mu iya kai shi ba. Yana shekara huɗu ya cika a cinyata, baki a buɗe yana neman iska, ga iska ko'ina." Ta hure ƙaiƙayi. "Ku kai ta, 'yar nan. Duk abin da za a ce muku a can ku yarda. Ba abin da ya kai zama kana kallo ciwo."

Washegari na kama motar Fatakwal. Abin da na fi lura da shi a hanya shi ne hotuna a jikin bango da turakun lantarki, manya-manya, mutum ya sha kwalliya yana murmushi. Na zaci 'yan siyasa ne. Ashe mamata ne, sanarwar ranar binnewa ce, wani ya yi watanni a firjin asibiti ana shirin bikinsa. Mu da za a rasu da safe kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Kowa da yadda yake sallamar nasa. Amma ni da abin da ke raina, na daina leƙa taga.

Fatakwal ruwa na tarar, irin wanda ba ya fushi ba ya kuma ɗaukewa. In ya ɗan tsagaita sai wata baƙar toka mai laushi ta riƙa sauka daga sama, sun ce hayaƙin mai ne. Ka share ɗaki da safe, kafin azahar tafin ƙafarka ya yi baƙi. Haruna na zaune a ciki da falo a wani layi na Hausawa da ba shi da nisa da Kasuwar Oil Mill. Ina sa ƙafa a ƙofa na ji wata 'yar murya.

"Gwaggo, you don come! Ina kilishina?"

Ta taho da gudu, amma ba ta iso gare ni ba ta tsaya ta tsuguna, gwiwoyi a ƙirji, tana haki. Na yunƙura zan ɗauke ta, Rabi ta ce, "Bar ta, Yaya, haka take hutar da zuciyarta." Daga tsugunen ta ci gaba da surutu. 'Yar firit da ita, kan yatsunta sun kumbura sun yi shuɗi, amma bakin nan ba ya rufuwa. Hausa da burokin, Turancin nan nasu na kasuwa, take haɗawa kamar mai dama fura, ta ɗebo nan ta ɗebo can. Da ta gane ba na jin burokin sai tausayina ya kama ta.

"Kada ki ji tsoron su, Gwaggo. In sun yi magana ni zan gaya miki."

Haka kuwa aka yi. Na goya ta muka shiga kasuwa sayen silifas da bokiti na zaman asibiti, daga bayana take yin ciniki. Mai takalma ta faɗi kuɗi, sai na ji an ce ta saman kafaɗata, "Madam, abeg, e too cost!" Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta rage. Kulu ce ta sa na ci gasasshiyar agada da kifi da manja, bole suke ce masa, ta ce wanda bai ci ba bai zo Fatakwal ba. Ƙananan dodon koɗin da suke zubawa a miya dai na ce mata ko da kuɗi ba zan tsotsa ba.

Ranar tafiya Rabi ta yi mata kitso ƙanana, ta ce kada ya warware da wuri. Tana yi tana share hanci da bakin zane. Da ta gama Kulu ta kara kunne a cikin uwarta, ta ce, "Kai na ciki, ka jira ni, kada ka fito sai na dawo." Rabi ta riƙe hannuna a bakin ƙofa.

"Yaya, ga amana nan."

Na ce, "Amanar Allah ce, Rabi." Ban iya haɗa ido da ita ba.

Mu uku muka tafi, ni da Haruna da Kulu. Wajen Aba hanyar ta lalace, mota ta cika maƙil, ga zafi ga girgiza. Kulu ta fara kuka, kukan ya sarƙe, sai na ga fuskarta ta yi duhu gaba ɗaya, idanu sun juye. Na ƙwalla salati. Direba ya taka burki, motar ta rikice, wannan na kiran Yesu, wancan na miƙo ruwa, wata na yi mata fifita da kwali. Haruna ne kawai bai ruɗe ba. Ya karɓe ta ya naɗe gwiwoyinta ya danna a ƙirjinta, ya rungume ta a haka yana yi mata magana a kunne. A hankali numfashin ya dawo. Na dube shi.

"Na saba, Yaya," ya ce. "Shi ya sa nake so a yi."

A Inugu wani Alhaji Dauda, babba a cikin mahautan garin, shi ya karɓi Haruna ya ba shi wurin kwana a shagon ƙofar gidansa kusa da kasuwar Ogbete. Ni kuma tabarmata na shimfiɗa a gefen gadon Kulu a ɗakin yara. Gadon da ke kusa da namu na wani yaro ne, Chidi, shi ma zuciyar ce. Uwarsa da asuba take tashi ta yi waƙa tana tafi a hankali, ni ina kan sallaya ina jan carbi, ba wadda ta taɓa cewa 'yar'uwarta ta rage. Kullum da safe sai ta miƙo mini okpa, wani irin alalen gurjiya ne a ganyen ayaba, ni kuma in ɗiba mata kilishi. Duk hirar da muka yi da matar nan ta bakin Kulu muka yi ta, kuma na san tana ƙara gishiri, don wani lokacin magana kaɗan zan yi in ga Maman Chidi tana ta dariya.

Kafin aikin aka kira mu ni da Haruna. Wata mata ce siririya cikin koren kaya, Sista Nkechi. Ta yi mana sallama da Hausa tatacciya, har na waiwaya ina neman mai maganar. A Sabon Garin Kano aka haife ta, can ta yi firamare. Ta tambaye ni unguwarmu da sana'ata, sannan ta kai mu bakin wata ƙofa ta nuna mana wani inji daga nesa. Girmansa kamar kwantaccen firji, a samansa wasu tayoyi a jere, ga mesa ta roba fara tas an naɗe ta ko'ina.

"Ni ba likita ba ce," ta ce. "Likita shi zai ɗinke hudar ya buɗe hanyar. Amma ba a ɗinke zuciya tana bugawa. Ke tela ce, Mama, kin san ba a ɗinke riga mai ita yana gudu. Sai an kwantar da ita. To muddin tana kwance, wannan injin shi ne zuciyarta, shi ne huhunta. Jininta zai fito ta wannan mesar, ya shiga nan a ba shi iska a sanyaya shi, tayoyin nan su tura shi ya koma jikinta. Ni nake zama a gabansa, ba na ɗauke ido sai an tashi zuciyar."

Haruna ya daɗe yana kallon injin.

"Sista, ni mahauci ne. Kullum sai na riƙe zuciya a hannuna. Ban taɓa ganin wadda ta tsaya ta sake tashi ba."

"Waɗancan jininsu zubewa ya yi, Malam. Nata ba zai zube ba, zagayensa zai ci gaba da yi."

Na ce, "To ranta fa? A lokacin yana jikinta ne ko yana cikin injin?"

Ta ce, "Mama, wannan ba a koya mana a makaranta ba. Ni dai jinin aka ba ni tsaro."

Ba ta ɓoye mana ba, ita da likitan da ya zo daga baya. Sun ce yawancin yara lafiya suke fitowa, amma akan samu wanda zuciyarsa ta ƙi tashi, akan samu wanda wani wuri a jikinsa ya taɓu. Mun ji da kunne. Ni dai maganar Hajiya Mairo ce ke yawo a kaina. Haruna ya ce a yi.

Sai kuma maganar jini. Sista ta ce jinin yaro kaɗan ne, in aka sake shi cikin mesar nan a hanya zai ƙare, don haka sai an fara cika injin da jinin wani, kuma sabo ake so. Alhaji Dauda ya miƙe a masallaci bayan la'asar ya faɗa. Washegari sai ga a-kori-kura cike da mutane, mahauta da masu albasa da masu gyaran takalmi, ba wanda ya taɓa ganin Kulu a cikinsu. Akwai wani ƙato, Ɗanjuma, wanda aka ce shi kaɗai yake kayar da bijimi. Yana ganin allura ya sulale ƙasa, sai da aka yayyafa masa ruwa. Da ya farfaɗo ya ce a rufe masa ido da hularsa a ɗiba, kuma aka ɗiba. Da Haruna ya ba Kulu labari ta yi ta dariya har sai da muka naɗe mata gwiwa.

Chidi aka fara yi wa, ya fito lafiya. Wannan ya ƙara mana ƙarfin gwiwa.

Ranar Kulu da safe aka sa mata wata 'yar riga mai ɗauri a baya, aka ɗora ta a gado mai taya. Muka bi ta har inda aka ce iyakarmu ke nan. Sista Nkechi ta fito ta sunkuyo kanta. Kulu ta tambaye ta da burokin, ta amsa mata, sai ta juyo gare ni, don ta saba.

"Gwaggo, na ce mata zai yi zafi? Ta ce barci kawai zan yi. Ki riƙe mini silifas ɗina, kada a sace."

Aka tura ta, ƙofar ta rufe.

Ban san yadda zan kwatanta muku wannan zaman ba. Muna kan benci, Alhaji Dauda da Ɗanjuma sun zo sun taya mu. Duk wanda ya fito daga ƙofar sai mu miƙe, ya wuce mu koma mu zauna. Can wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce an ɗora ta a inji. Haruna ya dafa ƙirjinsa. Na san abin da yake tunani, don shi nake tunani: a daidai wannan lokacin zuciyar 'yarsa ba ta motsi, ga mu zaune muna numfashi. Azahar ta yi muka yi salla a baranda, la'asar ta kawo jiki.

Sai ga Sista ta fito, ta sauke abin rufe hanci, fuskarta duk shatin igiya.

"Ta tashi," ta ce. "Da kanta ta tashi, ko taɓa ta ba a yi ba. Mun cire ta daga inji."

Haruna ya faɗi ya yi sujada a kan simintin nan. Ɗanjuma ya rushe da kuka kamar yaro. Aka kira Rabi, aka kira Kano, aka kira Hajiya Mairo a Anaca, na ji guɗarta ta waya. Da aka bar ni na leƙa ɗakin da ake ajiye waɗanda suka fito daga tiyata, na gan ta kwance cikin wayoyi da robobi, amma leɓɓanta ja-ja suke kamar na kowane yaro. Faratanta ma haka. Ban taɓa ganin abin da ya kai wannan kyau ba.

Wannan labarin ne ya riga ni isowa gida.

Da aka janye maganin barci aka cire mata robar maƙogwaro, ta buɗe ido ta dube ni. Na ce, "Kulu, sannu. Ga Gwaggo." Ta dube ni kawai. Na ce gajiya ce. Na kama hannunta na hagu ta matse yatsana, na zagaya na kama na dama, ya zame ya faɗi a kan katifa kamar tsumma. Na lura gefen bakinta ɗaya ya ɗan sauka. Na kira ma'aikaciya, ta duba, ta fita da sauri, daga nan likitoci suka cika wurin.

Aka ɗauki hoton kanta. Likitan ya zaunar da mu ya yi bayani, Sista tana fassarawa. Wani ɗan ƙanƙanen abu, ko gudan jini ko kumfar iska, ya bi jini ya je ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, a daidai wurin da ke riƙe da magana da ɓarin dama. Zuciyar kam ta gyaru sarai. Ya ce ƙwaƙwalwar yaro tana iya koyon sabuwar hanya, wasu suna dawowa sosai, wasu kaɗan, ba wanda zai iya yi mana alkawari.

Da la'asar Sista Nkechi ta same mu a baranda. Ba ta zauna a benci ba, a ƙasa ta zauna kusa da ni.

"Na sake bin komai a kaina, Mama. Kowace mesa na duba kafin a fara, na bubbuga ta na fitar da iska. Ban ga komai ba. Ban sani ba ko ta injina ya bi, ko daga cikin zuciyar ya taso. Ba zan taɓa sani ba." Hawaye na zuba ba ta share ba.

Haruna ya ce, "Sista, ke kika riƙe mana ita har ta dawo. Abin da ya rage ba a hannunki yake ba. Allah ya saka miki da alheri."

Ya faɗa da murya daidai, ya tashi ya ce zai yi alwala. Da ya daɗe na bi shi. Na same shi bayan ginin, wajen tankin ruwa, ya haɗa goshi da bango, kafaɗunsa suna rawa. Tun rasuwar mahaifiyarmu ban ga kukansa ba. Na tsaya a bayansa.

Rabi kuwa kullum sai ta kira. "Yaya, ba ni ita in ji muryarta." In ce tana barci. Gobe in ce maƙogwaronta ne bai warke ba. Haruna ya ce kada a gaya mata sai ta sauka. Muna can ta haihu, namiji, maƙwabta ne suka kai ta asibiti.

Ranar da aka sallami Chidi da ƙafarsa ya fita, yana jan jakar uwarsa. Maman Chidi ta zo bakin gadonmu ta yi ta magana, doguwa, tana kuka tana shafa kan Kulu. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Na ga idon Kulu yana tafiya daga fuskarta zuwa tawa, daga tawa zuwa tata, bakinta yana motsi. Ta ji duk abin da aka ce.

Bayan an koya mini yadda zan riƙa motsa mata hannu da ƙafa, aka sallame mu. Alhaji Dauda ya sa motar wani ɗansa ta kai mu har gida. A hanya Haruna ya kira Rabi ya gaya mata, don kada ta gani kwatsam. Muka tarar da ita tsaye a bakin layi cikin yayyafi, da ɗanyen jego, ba ko lema. Ta karɓi Kulu daga hannuna, ta duba leɓɓan, ta ɗaga rigar ta duba ɗinkin da ya ratsa ƙirjin, ta ɗaga hannun dama ta sake shi. Sannan ta ce, "Sannu da zuwa, Kuluna. Kin ga har kitsonki ya tsufa." Ta shige da ita ciki. Sai da dare ya yi na ji kukan Rabi ta bango.

Na ƙara 'yan makonni a wurinsu. Kafin in taho Kulu ta fara tsayawa, har tana takawa daga gado zuwa ƙofa tana jan ƙafa ɗaya, kuma ba ta haki, ba ta tsugunawa. Tana ci sosai, kumatu sun fara fitowa. In aka kwantar da jaririn kusa da ita sai ta yi ta shafa kansa da hagu. Magana dai babu. Wani lokacin takan buɗe baki ta yi ta ƙoƙari har goshinta ya yi gumi, sai wani sauti ya fito wanda ba kalma ba, ta ji haushi ta juya wa bango fuska. Ana kai ta wajen masu motsa jiki. Sun ce a yi ta yi mata hira, kada a gaji.

Ranar da zan taho na durƙusa a gaban tabarmarta na ce, "Kulu, zan koma Kano. In kin warke Baba zai kawo ki." Ta miƙo hannun hagu ta damƙi bakin mayafina. Na yi dariya na ce ta saki, mota za ta tafi ta bar ni. Ba ta saki ba. Rabi ta zo tana ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana ɓamɓare wannan wancan yana komawa. Bakin Kulu yana ta motsi, idonta a cikin nawa. Na jira, Allah ya sani na jira, har mai okada ya gaji da yin ham a waje.

Sai na zame mayafin daga kaina na bar mata. Rabi ta ɗauko nata ta yafa mini. Da na kai ƙofa na waiwaya, Kulu ta tattara mayafin nawa duka da hannu ɗaya ta danne a ƙirjinta, tana kallona.

Jiya Rabi ta kira. Ta ce har yau Kulu ba ta yarda an wanke mayafin ba.